Huda Uku

Huda uku kawai, in ji Dakta Tenório,
ya nuna mini faɗin farcensa.
Ba za a tsaga ki ba, Zuleide.
Talata ki kwanta, Alhamis ki kwana a gida,
kafin sati biyu kin koma kan tudun Olinda
kina toya wa baƙi wainar rogo.

Na ce, ƙarin da ya kai girman gwanda,
ta ina zai bi ya fita?
Akwai na'ura, in ji shi,
tana shiga ta yayyanka shi a ciki,
a zaro shi sala-sala.
Na gane.
Shekara ashirin da shida ina goga kwakwa da rogo,
na san aikin magogi.
Abin da na manta, ni da na fi kowa sani:
magogi ba ya aiki sai da fantsama.
Komai kulawarki, sai kin tsinci ɓarɓashi
a gashin gira, a ƙarƙashin tebur, a aljihun riga.

Takardar shafi huɗu ce.
Tabarauna na cikin jaka, jakar na hannun Genival,
Genival na waje yana rigima da mai tasi a kan canji.
Na sa hannu inda aka ɗiga mini alama.
Sai daga baya 'yata ta karanta mini layin,
can ƙasa, rubutu kamar sawun tururuwa:
da wuya, amma yakan faru.

Da wuya.
Kakata a Caruaru takan ce
rogo mai ɗaci da mai daɗi ɗaya suke a idon baƙo.
Ashe hoton ciki ma baƙo ne.
Ya ga dunƙule, ya ce ƙarin mahaifa ne irin na kowa,
irin na maƙwabciyata, irin na mai sayar da kifi.
Bai ga sankarar da ta laɓe a tsakiya ba
kamar kunama cikin takalmi.

Kwana goma sha ɗaya, ina shanya,
waya ta yi ƙara.
Ki zo da wani, in ji muryar.
Wanda aka ce ya zo da wani
ya riga ya ji rabin labari.

Bayan wata bakwai aka sake haskawa.
Ɗigo biyu a kan hanji,
ɗaya dab da hudar hagu.
Abin da aka yanka ya zama iri,
cikina ya zama gona,
ban yi shara ba, ban yi shuka ba,
sai ga tsiro.
Suka tsaga ni daga cibiya har ƙasa.
An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Ya zo duba ni, bai zauna ba.
Ɗaya cikin ɗaruruwa, wasu sun ce cikin dubu.
Yanzu muna sa ƙarin a jaka kafin mu yanka.
Ban zage shi ba.
Na san mata da yawa sun tashi garau daga hannunsa,
na ga wasu suna hawa tudu da ƙafarsu.
Amma lissafi yana da daɗin ji
ga wadda ba ita ce ɗayar ba.

Gashina ya zube, ya dawo fari da laushi.
Genival ya koyi juya waina, yana ƙona ɗaya cikin uku.
Duk wata huɗu ina kwanciya cikin injin
in riƙe numfashi idan an ce in riƙe.

Jiya Marlúcia ta dawo da nata hoton.
Girman lemo, in ji su. Ba komai ba ne.
Wataƙila ba komai ba ne ɗin.
Litinin za mu je tare.
Na goge tabarau, na ɗaura masa igiya a wuya,
na rubuta tambaya ɗaya a bayan rasit ɗin kwakwa:
idan kun yanka a ciki,
ina ɓarɓashin yake zuwa?